Abin da Likita Ya Rubuta

Ɗana, tunda Allah ya sa ka samu aiki a masana'anta, matso mu ɗan yi magana. Ba mugun fata nake maka ba. Amma wanda ke wuni tsakanin injina a Sharaɗa ko Bompai, ko cikin sinadaran jima a Challawa, gara ya san inda zai dosa ranar da tsautsayi ya gitta.

Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta shekarar 2010, kuma hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Naka ba a taɓa ko sisi. In ka ji rauni a bakin aiki, kai ko a hanyarka ta zuwa ko ta komawa gida, kana da haƙƙi. Sai dai mutanen hukumar ba su ga faɗuwarka ba, ba su ji ihunka ba. Abin da zai isa teburinsu shi ne abin da likitan da ya duba ka ya rubuta.

Na san halinmu. Mutum ya karye, a zarce wurin mai ɗori. Ya yanke, sai kemis ɗin unguwa. Ban raina mai ɗori ba, ya tayar da kakanninmu da yawa. Amma ba ya buɗe fayil, ba ya ɗaukar hoton ƙashi. In bayan wata uku hannu ya ƙi miƙewa sannan ka nufi asibiti, likita zai rubuta abin da ya gani a ranar ne kawai. Ba zai rantse cewa inji ne ya yi maka ba. Mai son musu kuwa ya samu ƙofa, ya ce a ƙwallo ka ji ciwon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ka je da wuri. In ka je, ka buɗe baki. An tarbiyyantar da ku da dauriya, ana ce maka "ya jiki" ka ce "da sauƙi", ko da ciwon ya hana ka barci. Wannan amsar masu dubiya ce, Allah ya yi albarka. A gaban likita kuwa, da sauƙin nan shi zai shiga fayil, ya zauna daram. Ka gaya masa a wurin aiki abin ya faru, rana kaza, ƙarfe kaza, ga abin da kake yi. Ka nuna duk inda ke ciwo, har bayan da kake ganin ba komai ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka in tari ne ya ƙi tafiya ko kunne ya fara toshewa, ka faɗa masa ƙurar da kake shaƙa da ƙarar da kake wuni a ciki, domin dokar ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa a hankali.

Kada kuma ka ƙara gishiri. In akwai tsohon targaɗe a wurin, ka faɗa. Kada ka roƙi likita ya ƙara maka kwanakin hutu. Shi ba lauyanka ba ne, ba kuma ɗan aiken kamfani ba. Darajar takardarsa tana cikin gaskiyarta. Ko hukuma ta tura ka wurin wani likitan ya sake dubawa, za a ɗora maganarsa kusa da ta farko, a ga ko sun yi daidai.

Likita ne dai zai ce ka huta kwana kaza, shi ne zai ce ka isa komawa. In ka koma kafin ya sallame ka don tsoron rasa aiki, na fahimce ka, akwai bakuna a gida. Amma rauni zai iya dawowa, takarda kuma ta nuna ka warke.

Ga lokaci kuma. Ka sanar da mai kamfaninku cikin kwana 14 da jin raunin, shi kuma doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto hukuma. Neman diyyar kansa a cikin shekara 1 ake shigar da shi.

Kowace takarda aka ba ka a asibiti, har rasit, ka yi kwafinta ka ba mahaifiyarka ta adana. Gobe kuma in ka shiga aiki, ka tambaya cikin ladabi ko kamfaninku ya yi rajista da hukumar. Allah ya tsare min kai.