Shawara ga mai neman salwa a wajen Khartum

Salwa baƙuwa ce a Sudan. Daga Turai take tasowa, ta ƙetare teku ta sauka Masar a watan Satumba, sannan ta gangaro kudu. Wajen Maris sai ta juya gida, don haka lokacin sanyi ne naka.

Ka nufi gonakin dawa da aka girbe a bakin Farin Nilu, wajen Jabal Auliya ko kudancin Omdurman, da sanyin safiya. Yi tafiya a hankali kana tsayawa. Salwa takan lafe a ciyawa, sai ka kusa taka ta ta tashi fir, ƙasa-ƙasa. A nan haɗarin yake: kada ka harba muddin abokinka ko karenka na gabanka. Ƙananan harsasai sun wadatar. Kafa ido inda ta faɗi, domin launinta ɗaya da busasshiyar ciyawa, ka hanzarta yanka ta.

Dajin Sunut na Khartum mafakar tsuntsaye ce, a bar shi. Tun yaƙin Afrilun 2023 kuma akwai bama-baman da ba su fashe ba a fili. Ɗan'uwa, kada ka fita da bindiga babu lasisi, kada ka shiga gonar da manomi bai nuna maka ba.