Ƙanena, Ga Yadda Ake Kallon Takardar Gwajin Zuciya

Ƙanena, an ce mini tun da ka karɓo sakamakon gwajin zuciyarka barci ya ƙaurace maka, duk wanda ya shigo gaishe ka sai ka miƙa masa takarda ya duba. Allah Ya ba ka lafiya. Mai ciwon toshewar jijiyoyin zuciya zai daɗe yana karɓar irin waɗannan takardu, gara ya san yadda ake kallonsu tun yanzu.

Na ji lambar da ta tayar maka da hankali ita ce 55 ɗin nan ta hoton eko. Ka ɗauke ta kamar makin jarrabawa, wai kusan rabin zuciyarka ya tafi. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna kason jinin da babban ɗakin hagu na zuciya yake turawa waje a kowane bugu, kuma ko zuciyar saurayi mai jini a jika ba ta juye jinin duka. Daga 50 zuwa 70 cikin ɗari shi ne daidai. Sai ta sauko 40 ko ƙasa likita yake cewa ƙarfin ya ragu sosai, kuma ko a nan akwai magungunan da kan ɗaga ta cikin watanni. Ma'aikata biyu ma za su iya auna zuciya ɗaya su ɗan saɓa, don haka in 55 ta koma 52 kada ka ɗora hannu a ka.

Sai hoton jijiyoyi, wanda ake zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya a zuba rini. Likitoci kan kira toshewa mai tsanani idan ta kai kashi 70, ko 50 a babbar jijiyar hagu. Amma jin "70" ba ya nufin gobe sai aiki. Wani babban bincike mai suna ISCHEMIA, da aka wallafa a 2020 kan mutum fiye da 5,000 waɗanda ciwonsu ya lafa, ya nuna cewa gaggauta buɗe jijiya bai rage mace-mace ba fiye da riƙe magani da kyau, sai dai ya rage ciwon ƙirji ga masu fama da shi. Binciken bai haɗa da masu toshewar babbar jijiyar hagu ba. Hukuncin buɗe jijiya ko riƙe magani na likitanka ne, shi da ya ga hoton kuma ya san yadda kake ji in ka hau bene.

Abin da ya fi damuna, wallahi, ba mummunan sakamako ba ne, kyakkyawa ne. Mutum ya ga ECG ɗinsa, wato zanen bugun zuciya, ya fito fes, kolestarol ya sauka, sai ya ce alhamdu lillahi ya warke, ya tura kwalin magani ƙarƙashin gado. Ka sani ECG na ɗaukar 'yan daƙiƙu ne kawai kana kwance, kuma yakan fito lafiya lau alhali jijiya na toshe. Sau da yawa bugun zuciya mai kwantar da mutum ba daga babbar toshewa yake zuwa ba, daga ƙaramin kitse ne da ya fashe a bangon jijiya, jini ya daskare a kansa nan take. Maganin kitse da asfirin tsaron wannan suke yi. In LDL ɗinka, wato mugun kolestarol, ya sauka, maganin ne ya saukar da shi, ranar da ka bari kuwa zai fara hawa. Ga irinka ana so ya kasance ƙasa da 1.8, likitocin Turai ma tun 2019 suna cewa ƙasa da 1.4. Ka lura, wani ɗakin gwaji da mg/dL yake rubutawa, inda 1.8 take zama 70. Kada bambancin ma'auni ya firgita ka.

Ka samu jakar leda guda ka tara takardun bi da bi, tsohuwa a ƙasa, domin likita ya fi ƙaruwa da ganin inda lamba ta dosa fiye da inda ta tsaya yau. Ka tafi da ɗanka ko mai ɗakinka, kunne biyu ya fi ɗaya. Kada kunya ta hana ka cewa, "Likita, ban gane ba, a maimaita mini." In an sa maka ɗan bututun ƙarfe a jijiya, ko haƙori za a cire maka kada ka tsayar da maganin tsinka jini sai da izinin likitan zuciyarka.

Kuma ina roƙonka, duk kyan takardar jiya, idan ka ji nauyi ya danne maka ƙirji na mintuna, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, kada ka ce olsa ce ka jira gari ya waye. A kai ka asibiti a lokacin. Can za a auna turoponin a jininka, a sake aunawa bayan 'yan sa'o'i, shi ne zai nuna ko naman zuciya ya taɓu.