A tara da kaka, a biya a Satumba

Ni malamar sakandare ce a yankin Shika. Duk shekara idan aka dawo dogon hutu a watan Satumba, sai na ga sunayen 'yan mata a rajista babu masu su a aji, musamman waɗanda ya kamata su haye daga aji uku zuwa babbar sakandare.

Mutane kan ce ai karatu kyauta ne. Gaskiya ne: dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 kyauta, kuma a 2018 gwamnatin Kaduna ta yafe wa 'yan mata kuɗin sakandare. Sai dai galibi iyaye ne ke biyan kuɗin yunifom da hijabi da takalmi, ko na acaba ga wadda makaranta ta yi wa nisa, ko audugar mata. Satumba kuwa lokaci ne da manomi ya zuba komai a taki, masara ba ta iso gida ba. Uban da ya ce "a bari sai an yi girbi" ba ƙin boko yake ba, aljihunsa ne babu komai. Kafin girbin ya zo yarinya ta saba da farantin talla, wata ma an kawo kuɗin gaisuwarta.

Shi ya sa nake ce wa masu kafa gidauniyar tallafa wa karatun 'yan mata, ko a Samaru ko a Sabon Gari, lokaci ya fi yawan kuɗi muhimmanci. A karɓa da kaka, tiya ɗaya ko biyu ta masara daga kowane gida, a ajiye a sayar a kasuwar Giwa idan hatsi ya yi tsada, kuɗin ya jira Satumba. A biya tela kai tsaye, kada a damƙa tsabar kuɗi a hannun kowa. A kuma karanta lissafi a gaban mai unguwa da liman, don amana ce ke raya irin wannan asusu, rashinta kuma ya kashe shi.

Kada a manta da uwa. Tallan nan da muke kushewa, da ribarsa take tara kayan ɗaki. Idan an ɗauke mata yarinya ba a saka ta a adashi ko an ba ta ɗan jari ba, yarinyar za ta koma titi, kuma ni ba zan ga laifin uwar ba.

Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya, ta daɗe tana tara 'yan mata a ƙananan rukunoni a ƙauyukanmu tana koya musu karatu da lissafi. Amma ba za ta iya ɗinka wa kowace yarinya yunifom ba. Iyayena da 'yan uwa, ku zauna a unguwanninku kafin kakar bana, ku rubuta sunayen 'yan aji uku tun yanzu.