Mitfai a Tukunyar Yashi: Ki Gasa da Safe, Ki Raba Kafin La'asar

Duk wadda ta taso a Tambuwal ko Kebbe ta san kwanon maƙwabta: yaro ya shigo da sallama, ya ajiye tuwo ko masa, ya karɓi tukuicinsa ya fita. Wannan karon ki sa mitfai a kwanon. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar injin gashi, kuma kilo 1 na fulawa zai ba ki wajen guda 20, ya isa gida biyar ko shida. Ga yadda za ki yi gobe.

1. Yi cefane yau da yamma. Fulawa kilo 1, bota giram 500, bekin foda cokalin shayi 2, ƙwai 1, nama rabin kilo, dankalin turawa 3, karas 2, albasa babba, tarugu, citta, kori, magi da gishiri. Albasa dai ba ma rasa ta, ga Aliero nan kusa. Ki ce wa mahauci ya ba ki tsoka zalla, ba kitse. In babu injin niƙa, ki dafa naman ki daka shi a turmi. In nama ya yi tsada, kifi ma yana yi. Mutanen Romo da ke bakin tafki ba su da uzuri, sai dai a zauna a cire ƙaya tsaf saboda yara.

2. Fara da haɗin ciki. Soya albasa da nama, zuba dankali da karas da kika yanka ƙanana, ruwa kaɗan, ki rufe su nuna. Dama fulawa cokali 2 da ruwa ki zuba, ita ce za ta kama romon ya yi kauri. Ki sauke ki bar shi ya huce sarai. Haɗi mai zafi yana narkar da botar kwaɓi, sai mitfai ya fashe a wuta.

3. Kwaɓi sai da sanyin asuba. Nan ne mata da yawa ke faɗuwa, kuma laifin zafin ƙasarmu ne. A watan Afrilu, kafin hantsi bota ta zama mai. Don haka da kin sallame sallah ki zauna. Haɗa fulawa, bekin foda da gishiri, ki murza bota a ciki da yatsu har ya zama kamar tsaki. Ki riƙa yayyafa ruwan randa mai sanyi, kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce rabin kofi ba. Da ya haɗe ki cire hannu. Kada ki buga shi, yawan bugu ke sa ya yi tauri. Rufe da tsumma mai laima, minti 15.

4. Kira mutum biyu su taya ki. Ni a wurina wannan ne matakin da ya fi kowanne. Naɗin mitfai aikin hannu da yawa ne: ɗaya na murzawa da kwalba, ɗaya na yankawa da murfin ƙaramar tukunya, ɗaya na zuba haɗi tana danne baki da cokali mai yatsu. Ki kira amaryar da aka kawo unguwa daga Jabo ko Sanyinna, wadda har yanzu kunya ta hana ta leƙa gidan kowa. Ki kira facalarki. Mutum in hannunsa na aiki, bakinsa ya fi sakewa, kuma za ta koma gida da sana'a a hannu. In kuɗi ne matsala, ku yi karo-karo: wannan fulawa, waccan nama, ke gawayi.

5. Cokali ɗaya na haɗi ya isa kowane mitfai. Shafa ruwa a gefe kafin ki ninke, huda sama sau biyu don tururi ya fita, shafa ƙwai.

6. Tukunyar yashi. Samu babbar tukunya da kika daina girki da ita, zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, rufe, ɗora a murhun gawayi minti 15. Jera duwatsu uku a kan yashin, ɗora faranti na ƙarfe da kika shafa wa bota, kada ya taɓa yashi, ki jera mitfai a kai. Rufe, ki ɗebi garwashi kaɗan ki zuba a kan murfi don sama ya yi ja. Wuta matsakaiciya, minti 30 zuwa 40. Kada ki buɗe kafin minti 20. Ki fara gwaji da guda biyu kawai, su za su nuna miki ƙarfin wutarki.

7. Rubuta gidajen da za ki kai wa tun kafin ƙamshi ya tashi, don da ya tashi yara sun kewaye ki. Mai jego, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, baƙuwar ma'aikaciyar asibiti ko malamar makaranta da aka turo daga nesa. Ware faranti ɗaya na maigida ya fita da shi ciyayyar ƙofar gida. Sai gidan da kuka yi sanyi da juna: wannan kada ki aiki yaro, ki yafa mayafi ki kai da kanki. Ba sai kin tayar da tsohuwar magana ba. "Ga ɗan abin da muka gwada, a ɗanɗana" ya wadatar.

8. In za ki aika wa 'yan'uwa a Kebbe, Kuchi ko Dogon Daji, bari ya huce tukuna. Kada ki ƙulle shi a leda, gumi zai jiƙa shi. Shimfiɗa takarda mai tsabta a kwano mai murfi, ki ba motar safe, ki buga waya a tarbi direba. Ki gaya musu su ci a ranar, domin nama da dankali ba sa kwana lafiya a zafinmu in babu firji.