Yadda Ake Kare Duwatsun Murjani a Teku

Murjani ƙananan dabbobi ne masu laushin jiki da ke zama a cunkushe cikin ruwan teku mai ɗumi, marar zurfi. Kowacce tana gina wa kanta ɓawo mai tauri, sai ɓawon ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ya zama dutse. Waɗannan duwatsu ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a cikinsu suke rayuwa. A jikin murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Idan zafin ruwa ya haura wanda aka saba da digiri 1 kawai, ya kuma ɗauki makonni a haka, murjanin yakan fitar da ita, ya yi fari fat. In zafin ya daɗe, yunwa ta kashe shi. An ga irin wannan a faɗin duniya a 1998 da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan daga 2023.

Aikin kariya yana farawa da aunawa. Masu nutso kan ja igiyar awo a kan dutsen, su ƙirga murjani mai rai da matacce da irin kifayen wurin. Hukumar NOAA ta Amurka kuma tana bibiyar zafin teku ta tauraron ɗan'adam, tana yin gargaɗi kafin murjani ya yi fari.

Mataki na biyu shi ne tsara kamun kifi. Wasu kifaye, musamman mai baki irin na aku, suna kiwo a kan dutse suna cinye ciyawar teku. Idan aka kame su, ciyawa takan rufe dutsen, 'ya'yan murjani su rasa wurin kafuwa. Haka ta faru a Jamaika: masunta sun rage kifi ƙwarai, cuta ta kashe wata halitta mai ƙaya da ke cin ciyawar a 1983, murjani ya faɗo daga kusan rabin dutsen zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100. Shi ya sa Beliz ta haramta kama kifin aku a 2009. Ana kuma hana kamu da nakiya da guba da raga mai ƙananan idanu.

Na uku, a keɓe wurin da ba a kamu ko kaɗan. A 2004 Ostireliya ta faɗaɗa irin wannan yanki a babban jerin duwatsunta mai tsawon kilomita 2,300, daga ƙasa da kashi 5 zuwa kusan kashi 33 cikin 100. A Kuruwitu ta ƙasar Kenya, masunta ne da kansu suka keɓe hekta 30 suna gadinta. Kifi kan girma ya hayayyafa a ciki, rarar ta fita waje ta faɗa ragar masunta. Dokar da masunta ba su yarda da ita ba kuwa ba ta cika tasiri ba.

Na huɗu, a tsare abin da ke gangarowa daga tudu: laka da takin zamani da ƙazantar gari, domin suna dagula ruwa, suna kuma ciyar da ciyawa.

Sai bayan waɗannan ake dashe. Akan yanki ƙananan rassa daga murjanin da ya tsira daga zafi, a rataye su a igiya ko bututun roba cikin ruwa, ana goge musu ciyawa, kamar yadda ake renon irin tumatir kafin a kai shi lambu. Murjani mai rassa yakan ƙara kusan santimita 10 a shekara. Bayan wata 6 zuwa 12 a manna shi a dutse da siminti, a ci gaba da dubawa.

Duk waɗannan matakai lokaci suke ƙara wa murjani, ba sa sanyaya teku. Rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na duwatsun murjani, in ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99. Saboda haka kariyar ba ta cika sai an rage ƙona gawayin kwal da man fetur da gas.