GAJIYAR ƘWAƘWALWA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE DIREBA YA SANI

Gajiya iri biyu ce: akwai ta jiki, akwai ta ƙwaƙwalwa. Ta jiki ba ta ɓuya, amma ta ƙwaƙwalwa a saɗaɗe take shigowa. Direban da ya taso daga Legas zuwa Kano a zaune yake, bai ɗauki kaya a ka ba, duk da haka ƙwaƙwalwarsa ba ta huta ba ko na minti ɗaya.

Yadda Gundura Take Rage Lura

A shekarar 1948 wani masani a Ingila, Norman Mackworth, ya bayyana sakamakon wani gwaji. Ya zaunar da mutane har sa'a biyu suna kallon hannun agogo, aka umurce su da su danna maɓalli duk sa'ad da hannun ya yi dogon tsalle. Bayan rabin sa'a kacal sai lurarsu ta ragu, hannun yana tsalle ba su gani ba. Haka abin yake a miƙaƙƙiyar hanya. Idan ido ya daɗe yana ganin abu iri ɗaya, kunne yana jin gurnanin inji, sai gundura ta shigo, hankali ya tafi wani wuri.

Rashin barci kuwa yana ƙara tsananta lamarin. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hanzarinsa yakan ragu kamar na wanda ya sha giya. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa ta yi fiye da mita 100 ba mai sarrafa ta.

Alamomi

Yawan hamma, nauyin ido, sakin hannun hanya, da wuce gari ba tare da an tuna an wuce shi ba.

Abin Yi

1. Direba ya sami isasshen barci kafin ya kama hanya.
2. Ya riƙa tsayawa a kai a kai, ya sauko ya miƙe ƙafa.
3. Ya guji tuƙi a tsakar dare da goshin asuba, lokacin da barci ya fi rinjaye.
4. Ya sani goro da shayi ɓoye gajiya suke yi na ɗan lokaci, ba sa kawar da ita. Maganinta barci ne.

Fasinjoji kuma kada su matsa wa direban da ya nemi hutawa, gama rayukansu a hannunsa suke. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.