Ka Sa wa Injinka Turbo? Lissafa Mai Tukuna Kafin Fistin Ya Narke

Tun da muka saki bidiyon na'urar auna hayaƙin salansa, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: "Na ɗaura turbo, wace injekta zan saya, kuma wane famfon mai?" A bidiyo ba a samun damar zama a yi lissafi a tsanake, shi ya sa na kawo shi a rubuce. Ina karatun digiri na biyu a fannin injiniya a nan Makka, don haka zan ɗauki misali da motar da samarin ƙasar nan suke yi wa wannan aiki: Nissan Patrol mai injin TB48, lita 4.8, silinda shida.

Me ya sa maganar mai ta zo gaba?

Injin fetur yana ƙona mai daidai idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na fetur. Aikin turbo shi ne ya cusa ƙarin iska, ba ya ƙara mai ko ɗigo. In iska ta ƙaru mai bai bi ta ba, haɗin ya tsinke, zafin cikin silinda ya haura, sai mai ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan ita ce ƙwanƙwasar da kunne ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Daƙiƙu kaɗan na wannan a cikakken totur sun isa su fasa bakin fistin, daga nan sai ka ji an ce inji ya buga. Saboda haka idan turbo na turawa, ba 14.7 ake nema ba, ana saukowa tsakanin 11.5 da 12. Rarar man nan ita ke sanyaya silinda.

Mataki na ɗaya: girman injekta

Mu ɗauka kana son ƙarfin doki 400 daga injin. Injin fetur mai turbo yana shan kusan kilo 0.27 na mai a awa kan kowane doki ɗaya. Ɗauko kalkuleta:

400 sau 0.27 ya ba mu kilo 108 a awa.
Raba wa injekta shida: kilo 18 kowace.
Ba a son injekta ta wuce kashi 80 cikin 100 na lokacinta a buɗe, don haka 18 a raba da 0.8: kilo 22.5.
Litar fetur tana da nauyin kusan kilo 0.74, ke nan lita 30 da ɗoriya a awa, wato kusan cc 507 a minti.

To ka ga amsar ta fito: injekta mai cc 550 ta wadatar. Wani zai ce, "Ai gara in sayi mai cc 1,500 in huta." A'a ɗan'uwa. Injektar da ta yi wa inji yawa tana wahalar saitawa idan mota na tsaye a silo, domin lokacin buɗewarta ya yi gajarta sosai. Saya daidai da burinka, ka bar 'yar rara.

Wasu kuma sukan ce a ƙara matsin mai kawai a bar tsohuwar injekta. Lissafi bai goyi bayansu ba. In ka ɗaga matsi daga bar 3 zuwa bar 4, man da zai ƙaru kusan kashi 15 cikin 100 ne kacal, alhali ka ɗora wa famfo kaya.

Mataki na biyu: famfo da matsi

Kilo 108 ɗin nan, in ka mayar da shi lita, kusan 146 ne a awa. Ƙara rarar kashi 25 cikin 100, ka samu wajen lita 180. A nan ne mutane ke ruɗuwa da lambar da ke jikin kwali. Walbro 255, misali, lita 255 ɗin a matsi na kusan bar 3 ne. Da zarar matsi ya hau, abin da yake turawa ya ragu. Kuma matsin dole ya hau: regileta mai bin turbo tana ƙara wa mai bar ɗaya kan kowane bar ɗaya na iska, don injekta ta iya fesawa cikin iskar da aka matse. In ka fara da bar 3, turbo ya ba da 0.7, famfo na aiki a 3.7. Nemi jadawalin famfon ka duba abin da yake bayarwa a wannan matsin.

Abu biyu da ake mantawa: waya da filta. Famfo mai ƙarfi a kan siririyar wayar kamfani ba ya samun cikakkiyar wuta. A ja masa waya mai kauri daga batir, da rile da fis nasa. Filta kuma a sa sabuwa, tiyo ya zama na injekta, ba na kafireta ba. Tiyon da ya tsage kusa da turbo mai ja wur, gobara ce.

Mataki na uku: zafin Makka

Nan ne fayil ɗin saiti da aka sauko da shi daga intanet yake cin amanar mutum. Wanda ya rubuta shi a Jamus ya yi gwaji a digiri 15 ko 20. A Makka da bazara ana kai digiri 45. Iskar digiri 45 ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ta fi saurin jawo ƙwanƙwasa. Shi ma man yana zafi: wanda injekta ba ta sha ba yana komawa tanki da zafin inji, kuma famfon da ya yi girma fiye da kima yana ta juya shi yana ƙara masa. In tanki ya kusa ƙarewa a cunkoso, mai na iya tururi a bakin famfo, matsi ya faɗi. Kada ka taka mota da ƙarfi in man bai kai kwata ba.

Sai nau'in fetur. A gidajen mai nan akwai 91 mai launin kore da 95 mai launin ja. Motar da aka saita da 95 ta zauna a kan 95. In ka zuba mata 91 don ragin kuɗi, kada ka bari turbo ya tura.

Gwajin gaskiya shi ne hawan Al-Hada zuwa Ɗa'if. Daga Makka da ba ta kai mita 300 ba, ka haura kusan mita 2,000, inji na ja ba hutu, iska na raguwa, turbo na ƙara gudu don ya cike giɓin. Saitin da ya yi kyau na daƙiƙa goma a kan injin gwaji, a nan ne asirinsa ke tonuwa.

Mataki na huɗu: tsarin saiti

Kwamfutar mota, wadda makanikanmu ke ce wa birenbos, ko dai a sake rubuta ta ko a sa irin su Haltech ko Link. Ga jerin da nake ba da shawara:

1. Shigar da bayanan sabuwar injekta: girmanta da jinkirin buɗewarta.
2. Daidaita silo da tafiyar yau da kullum a 14.7.
3. Fara da ƙaramin matsin turbo, ka ƙara kaɗan kaɗan kana kallon na'urar salansa.
4. Ja lokacin wutar fulogi baya, kada ka yi haɗama.
5. Sa kariya: in iska ta yi zafi ko matsin mai ya faɗi, kwamfuta ta rage ƙarfi da kanta.
6. Maimaita gwajin da tsakar rana, ba da asuba kaɗai ba.

Ga 'yan'uwa na Kano da Maraɗi, zafin Afrilu bai bar ku a baya ba, kuma a Najeriya ba ka da zaɓin lambar fetur a famfo. Ku bar rara fiye da tamu.

A ƙarshe, a Saudiyya sauya inji ba tare da bin ƙa'ida ba laifin hanya ne, kuma motar za ta je fahas. Bincika wannan kafin ka kashe riyal ɗaya. Ƙarfin da ka samu kuma na filin tsere ne, ba na titin da mutane ke tsallakawa ba.

A bidiyo na gaba za mu kwatanta na'urorin auna matsin mai guda biyu. Wanda ke da wani inji daban, ya turo adadin silinda da ƙarfin da yake nema, mu yi lissafin tare.